Jan Ƙyalle a Sitiyari

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai. Daga gare Shi muka zo, kuma gare Shi muke komawa, babba da yaro.

Haƙƙin mamaci a kan waɗanda ya bari sananne ne: a yi masa wanka, a suturta shi, a sallace shi, a kai shi makwancinsa. Duk waɗannan mun sauke su a kan Kawu, yayan mahaifiyata, tsohon bakaniken tashar garinmu da ke kan hanyar Ɗanbatta. Amma akwai haƙƙi guda da ya rage, wanda tun yana da rai ya wajaba garin nan ya sauke, aka ƙi. Haƙƙin shi ne a wanke sunansa daga zargin da aka ɗora masa, cewa gyaransa ne ya kashe jariri a cikin motar haya. Da wannan zargi aka kore shi daga wurin sana'arsa, da shi ya tsufa, da shi kuma muka binne shi. Ni ɗan ƙanwarsa ne. Aikin magatakarda na yi har na ajiye, na saba rubuta magana yadda aka faɗe ta, saboda haka zan bambance abin da na gani da idona da abin da aka shaida mini.

Na zauna a tabarmar makoki a ƙofar gidansa ina karɓar gaisuwa. Maƙwabtansa manoma sun zo da fartanya a kafaɗa, domin lokacin noman farko ne, suka yi addu'a suka koma gona. Liman ya shaida cewa Kawu bai bar sahun gaba ba sai da ƙafa ta gaza. Can sai ga shugabannin tasha a jere, cikin manyan riguna. Shugabansu ya durƙusa, ya shafa fatiha, ya ce, "Wallahi an yi rashin gwani. Irin kunnen Baba ba za a sake samu ba."

Wani tsohon direba a bayansa ya ƙara da cewa, "Mutum ne mai haƙuri. Abin da ya faru kuwa ai ya wuce, Allah ya yafe mana baki ɗaya."

Na amsa da amin, domin wurin makoki ba wurin shari'a ba ne. Amma na san bakin da ya yabi kunnen Kawu a ranar shi ne bakin da ya sanar da korarsa.

Mutum ɗaya ne ya yi kukan da ya sa maza suka sunkuyar da kai. Abokin Kawu ne na ƙuruciya, wani manomi Kirista daga ƙauyen bayan fadama, mai wata tsohuwar akori-kura. Da aka tayar da salla ya koma gefe ya cire hula har aka idar, sannan ya bi mu maƙabarta da sandarsa. A hanyar dawowa ya kama hannuna ya ce, "Ɗana, ka ga waɗancan masu manyan riguna? Sun zo su tabbatar an rufe shi da maganar."

Uwar jaririn kuwa, ko da yake gidanta yana bayan masallaci, ba ta leƙo ba. Ban ga laifinta ba. Abin da aka gaya mata shi ta riƙe.

Wanda bai san Kawu ba, ga kamanninsa: dogo ne siriri, mai ɗan ranƙwafawa saboda daɗewa a kan inji, yatsunsa kuma ko ranar Idi ba sa rabuwa da baƙi. Wurin aikinsa gindin wata darbejiya ce a bakin tasha, bayanta gonakin gero ne har iya ganinka. Sau da dama an ba shi shawarar ya gina gareji mai bango da ƙofa, ya ƙi. Ya kan ce, "Hayaƙin mota iri biyu ne. Wanda ido ke gani tari yake sa ka. Wanda ido ba ya gani barci yake sa ka, ba kuma kowa ke farkawa ba." Ko a lokacin sanyi bai yarda a tayar da inji a inda iska ba ta kaɗawa.

Yana gyara duk abin da ya lalace a mota, amma an fi saninsa da abu biyu: salansa mai yoyo, da inji mai shan iska ta inda bai kamata ba. Idan salansa ce, sai ya cusa tsumma a bakinta, ya kwanta a ƙasan motar da ruwan sabulu a kwano, yana shafawa gaɓa-gaɓa. Inda kumfa ta tashi, nan ɓarakar take. Wani lokaci ma ba ya buƙatar sabulun, baƙin da hayaƙi ya bari a jikin ƙarfe ya ishe shi. Idan kuwa mota ta zo silo, wato aikin inji a tsaye, yana hawa yana sauka, tana mutuwa da an tsaya, tana shan mai, birkinta ya yi tauri, to ya san wani tiyo ya tsage ko gasket ɗin da ke toshe mahaɗar ƙasan kafireta ya saki. A nan ne yake zaro turaren tsinke daga aljihu, ya kunna, ya bi jikin injin da shi sannu a hankali. Inda hayaƙin turaren ya lanƙwasa ya shige, nan injin ke satar iska.

Direbobi ba su gajiya da tsokanarsa a kan turaren nan. Na ji da kunnena wani yana cewa, "Baba, yau ma ruƙiyya za a yi mata?"

Kawu bai ɗago ba ya ce, "Ita dai ba ta da aljanu. Direbanta ne ban bincika ba. Riƙe mini bonet, kuma ka daina numfashi a kan turarena, tafarnuwar da ka ci tana kore shi."

Sai shekarun tsuke bakin aljihu suka shigo. Wanda ya rayu a lokacin ba sai an tuna masa ba. Motoci na kwana a layin mai, wanda ake samu a galan a bakin hanya kuma gauraye yake da kananzir. Sabbin kayan gyara suka ɓace daga kasuwa, na hannu ma sai an je Kano an yi yawo. Taki ya gagari manomi, malaman makaranta suka koma acaɓa bayan an tashi. Motar da ya kamata a ce ta huta tuntuni ita ce ke ɗaukar mata da buhunan gyaɗa zuwa kasuwa. A wannan hali kowane bakanike ya koyi faci, Kawu ma ya koya. Ya kan yanke gwangwanin madara ya naɗe salansa da shi, ya ɗaure da waya. Ya kan naɗe tiyon da ya tsage da robar tayar keke.

Abin da ya bambanta shi da saura shi ne bai taɓa kiran faci gyara ba. Yana da wata jaka cike da jajayen ƙyallaye da yake karɓa wurin tela. Duk motar da ya yi wa salansarta faci, sai ya ɗaura jan ƙyalle a sitiyarinta, ya faɗa wa direban sharuɗɗa: kada ka ɗauki fasinja, kada ka ɗaga gilashi, kada ka tsaya inji yana aiki, ka wuce kai tsaye inda za a canza bututun. Ba ya kwance ƙyallen sai ya ga sabon ƙarfe da idonsa. Tun ana dariya har abin ya zama doka ba tare da an rubuta ba. 'Yan kamasho ba sa lodin mota mai jan ƙyalle, tsofaffin mata ma sun koyi leƙa sitiyari kafin su shiga.

Wannan ƙyalle ne ya haɗa shi rigima da wani Alhaji dillalin gyaɗa, mai motocin haya a tashar. Ina hutu a gida a lokacin, a gabana aka yi. Alhajin ya zo yana huci ya ce, "Malam, wannan tsumman naka kore mini fasinja yake yi. Wa ya naɗa ka ɗan sandan hanya?"

Kawu ya ce, "Ba wanda ya naɗa ni, Alhaji. Hannuna ne ya taɓa motar."

"To gyara na kawo maka, ba wa'azi ba."

"Gyara yana Kano. Nan dabara ce kawai na yi mata ta kai can. In ka ga ƙyallen ya yi maka nauyi, ka sa iyalinka a kujerar baya ka ɗaga gilashi, sai in kwance."

Aka yi dariya, Alhajin bai yi ba. Ya kaɗa riga ya tafi.

Akwai kuma abin da abokinsa manomi ya ba ni labari a zaman makoki. Wata kaka akori-kurarsa ta ƙi tashi a tsakiyar gona, ga gyaɗa a baje, ga hadari ya haɗo. Ya aika wa Kawu, ya zo a kan kekensa da rana tsaka. Ya kunna turare, ya gano tiyon ya rabe, babu kuma robar da za a naɗe shi. Sai ya kifar da keken, ya cire tayar baya, ya yanko robar cikinta. Mota ta tashi, aka kwashe gyaɗa kafin ruwa. Abokin ya ce a ɗora keken a baya a kai shi gida, Kawu ya ce a'a, wurin buhu biyu zai cinye. Ya koma gari a ƙasa yana tura keken da ba taya.

Yanzu na zo ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Ba na gari lokacin da ya faru, aiki ya kai ni nesa. Abin da zan faɗa na ji shi ne daga bakin Inna, matar Kawu, da abokinsa manomi, da kuma 'yarsa ta fari.

Mijin wannan 'ya direba ne, yana tuƙa ɗaya daga cikin motocin Alhajin nan, wata tsohuwa mai dogon baya da sai an tura take tashi. Kowa ya san abin da ke tsakanin mutum da surukinsa a ƙasar nan. Ba sa haɗa ido, ba sa doguwar magana, balle a ce mijin 'yar fari ne, wadda ko sunanta uban ba ya kamawa. Ana gobe kasuwar Ɗanbatta, cikin damina, surukin ya kawo motar gindin darbejiya tana ƙara kamar babur. Ya durƙusa daga nesa ya gaishe da Kawu, ya ajiye makulli a kan bonet, ya bar wurin.

Kawu ya shiga ƙarƙashinta ya tarar bututun salansa ya rabe daidai ƙasan kujerar baya. Ƙarfen ya ruɓe har walda ba za ta kama shi ba, ƙasan motar kuma duk huji ne, tabarmar roba ce kawai ta rufe. Ya naɗa gwangwani, ya ɗaure da waya, ya ɗaura jan ƙyalle. Abokinsa manomi yana zaune a wurin yana jiran a duba masa tasa, ya ga an ɗaura. Surukin bai dawo ba sai da ya daidaici Kawu ya tafi sallar la'asar, ya ɗauki motar ya tafi. Ba rashin kunya ya sa shi haka ba, kunyar ce ma ta sa.

Da wani direba ne, da Kawu ya bi shi har gida ya tsaya a kansa ya karanta masa sharuɗɗan nan, kamar yadda ya saba. Amma ba ya taka gidan surukinsa. Sai ya bi hanyar da al'ada ta bar masa: ya faɗa wa Inna, Inna ta yafa gyale ta tafi gidan 'yarta kafin magariba, 'yar kuma ta faɗa wa mijinta lokacin da ta kai masa tuwo. Saƙon shi ne kada motar nan ta ɗauki ko mutum ɗaya sai an canza bututu. Mijin ya ce zai gaya wa Alhaji.

Da gari ya waye motar ta shiga layi babu ƙyalle a sitiyarinta, aka cika ta. Sun je kasuwa lafiya, gilashi a sauke. A hanyar dawowa da yamma ruwa ya ɓarke, ƙoramar da ke kusa da gari ta cika ta haura kwalbati, motoci suka tsaya jiran ta janye. Direban ya bar injin yana aiki don ya san in ya mutu ba mai tura masa cikin taɓo, ya fita ya shiga wata rumfa wurin sauran direbobi. Fasinjoji suka ɗaga gilashi saboda feshin ruwa. Da ya dawo ya tarar na gaba suna riƙe da kai, na baya sun yi laƙwas. Aka fito da su aka shimfiɗe a cikin ruwan. Manya suka farfaɗo ɗaya bayan ɗaya suna amai. Jaririn da ke cinyar uwarsa a kujerar baya bai farfaɗo ba. Allah ya sa mai ceto ne.

Aka yi zama a zauren dagaci don a kashe maganar a gida kafin ta kai ga hukuma. A nan nake son mai karatu ya lura. Ba a rubuta ko kalma ɗaya ba. Ba a ɗaga motar an duba ba. Ba a kira mace ko ɗaya ba, alhali saƙon ta bakin mata biyu ya bi. Alhajin ya ce shi dai abin da ya sani, mota ta fito daga hannun bakanike jiya-jiya, kuma ga gwangwanin madara an ciro daga ƙasanta, ya ɗaga shi sama kowa ya gani. Aka tambayi direban ko an gargaɗe shi. Kansa a ƙasa ya ce ba a faɗa masa komai ba, bai kuma ga ƙyalle ba. Abokin Kawu, da ke tsaye a bakin zaure, ya ɗaga murya ya ce shi ya ga an ɗaura. Shugaban tasha ya ce masa, "Maigida, wannan magana ce ta 'yan tasha, ka yi haƙuri ka koma waje."

Daga ƙarshe dagaci ya juya ga Kawu ya ce, "Malam, me za ka ce?"

An ce surukinsa na zaune a gefe. Kawu ya ce, "Ni na taɓa motar. Allah ya ba iyayen yaron haƙuri."

Iyakar abin da ya faɗa ke nan, da shi kuma aka yanke hukunci: ya tashi daga gindin darbejiya, kuma kada motar tasha ta sake zuwa hannunsa. Shugaban tasha ya sanar a bainar jama'a. Alhajin ya canza bututun, motar ta koma layi a makon.

Da labari ya iske ni na taho gida. Na same shi a gona yana yi wa dawa huɗa. Na ce masa wannan ba hukunci ba ne, zan rubuta ƙara, zan sa a sake zama a kira shaidu. Ya dogara da garmarsa ya ce, "Sannu magatakarda. In ka rubuta, wa za a kama?"

Na ce, "Wanda ya kwance ƙyallen."

Ya ce, "Alhaji za a kama? Kai ma ka san ba shi ba. Yaron nan za a tafi da shi. Matarsa kuma tana da ciki, ga ƙanana biyu, ga shekarar da kake gani. In na buɗe baki gidanta na rushe da hannuna."

Na ce, "To sunanka fa, Kawu?"

Ya ce, "Suna ba ya jin yunwa. Muddin ina numfashi ban yarda ka taɓa maganar nan ba. Ka ji ko ba ka ji ba?"

Na ce na ji. Ban yarda da shi ba a ranar, har yau kuma ban yarda ba, domin shirun da ya rufa wa 'yarsa asiri shi ne ya bar wata uwa tana tsinar wanda bai cuce ta ba. Amma shi ne babba, sunan kuma nasa ne, na bi umarninsa har ƙarshen ransa.

Shekarun da suka biyo baya na gan su da idona. Ya koma gonarsa 'yar ƙarama, wadda ba ta ciyar da gida har kaka. Akori-kurar abokinsa ce kaɗai ke zuwa ƙofar gidansa, wani lokaci ma lafiyarta ƙalau, abokin ne ke ƙirƙiro mata ciwo don Kawu ya riƙe sufana. Yara suka laƙaba masa Mai-gwangwani, suna faɗa in ya wuce. Inna ta daina zuwa bikin suna, saboda ta lura ana janye jarirai in ta miƙa hannu. In ya hango uwar yaron nan a hanya, sai ya ratse cikin gero ya tsaya har ta wuce. Bayan korarsa ba wanda ya sake ɗaura ƙyalle a tashar, kowa ya yi facinsa ya kira shi gyara.

Gonarsa tana bakin titi. Na sha zama da shi a kan kunya muna hutawa, mota ta wuce, ya katse magana ya karkata kai. Sai ya ce a hankali, "Waccan tana shan iska." Ko kuma, "Waccan ta huje a tsakiya, ga shi kuma ta cika da mata." Ya bi ta da ido har ta ɓace, ya ɗauki fartanya. Turaren tsinke bai bar aljihunsa ba, sai dai ya koma kunna shi a masallaci.

Surukin kuwa bai daina aiko da hatsi duk kaka ba, Kawu bai taɓa mayarwa ba, bai kuma taɓa ci ba, sadaka yake bayarwa. Ranar jana'iza na ga surukin ya kama makara tun daga ƙofar gida, ana karɓa-karɓa shi ya ƙi saki har bakin kabari. Ban san abin da ke zuciyarsa ba, ba kuma zan rubuta abin da ban sani ba.

Ciwon ƙirji ne ya kwantar da Kawu, bai daɗe ba Allah ya karɓi abinsa da hantsi, Inna na riƙe da kansa. Allah ya jiƙansa, ya yalwata kabarinsa, ya sa haƙurin da ya yi ya zame masa haske.

Ranar addu'ar uku aka aiko daga cikin gida ana kirana. 'Yarsa ta fari ce. Taubashiyata ce, tun muna yara ba ta kirana sai Malam Mai-biro, ba ma haɗuwa ba ta ce na ci bashin goronta ba. Ranar ba wasa a fuskarta. Ashe matar shugaban tasha ce ta zo gaisuwa, ta ce a cikin mata, "Allah ya yafe masa abin da ya faru." 'Yar Kawu kuwa ta miƙe tsaye ta ce, "Ba shi za a yafe wa ba."

Ta ce da ni a soro, Inna na tsaye a bayanta, "Yaya, ni na kai saƙon. Da bakina na faɗa masa, tuwo na gabansa. Da safe na ga ƙyallen a sitiyari kafin ya fita da motar zuwa gidan Alhaji. Abin da ya faru tsakanin can da tasha ban sani ba. Baba ya rufe bakinsa saboda ni, na zuba ido ana kiransa Mai-gwangwani, 'ya'yana suna ji. Yaran da ya tsaya wa sun girma. Ka rubuta."

Na ce, "Kin san mijinki za a fara tambaya. Kin san abin da hakan zai iya yi wa zamanku."

Ta ce, "Na faɗa masa jiya. Ko abinci bai ci ba. Ka rubuta, Yaya."

Saboda haka, cikin girmamawa, ina gabatar da wannan roƙo ga mai girma dagaci, da limamin gari, da shugabannin tasha na yanzu. Ina roƙon a sake buɗe maganar a zauren da aka rufe ta, wannan karon da magatakarda da zai rubuta abin da kowa ya faɗa. A saurari Inna, wadda ta tsufa, ba kuma mu da tabbacin wata daminar. A saurari abokin marigayi a cikin zaure, a kan tabarma, kamar kowane dattijo. A tambayi direban, a tambayi Alhajin, tun da dukansu suna raye: wa ya kwance ƙyallen, kuma da umarnin wa? A tambayi 'yan kamashon wancan lokaci yadda aka yi motar da kowa ya ji ƙararta jiya ta shiga layi da safe.

Ba ɗauri nake nema wa kowa ba, ba diyya ba, marigayin da kansa ya yafe wannan. Abin da nake nema shi ne idan bincike ya tabbatar da abin da na rubuta, a soke hukuncin a bainar jama'a kamar yadda aka sanar da shi, sannan dattawa su taka da ƙafarsu zuwa gidan da ke bayan masallaci, su gaya wa uwar yaron gaskiyar yadda ɗanta ya rasu. Idan kuwa bincike ya ƙaryata ni, a rubuta hakan ma, zan sa hannu a ƙasa.

Shaidar farko a shirye take. Tana zaune a ɗakin mijin da za ta ba da shaida a kansa, tana dafa masa abinci, ta kuma san mai yiwuwa daga zauren ba ɗakin za ta koma ba. Ta ce a sanar da ita ranar kawai, za ta zo. Ina roƙon a sa ranar.

Wassalam.